Ledar Maganin Baba

SHAFI NA 17

Na ga sharhinku na jiya, na kuma ga masu cewa "Allah sarki Auta". Wato ku ma ƙanwar tawa ta saye ku ke nan? To madalla. Ni da na yi shekara goma sha ɗaya ina auna jinin Baba safe da yamma a gidana, ko mutum ɗaya bai ce Allah sarki Yaya ba. Ku karanta na yau, in ya so ku zage ni da hujja.

*

Kwana biyu ke nan da Baba ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gidana. Da muka kawo shi asibiti, zuciyarsa sau talatin da takwas take bugawa a minti, ita da ya kamata ta kai sittin. Yanzu ya dawo hayyacinsa, yana zaune a gado an tokare shi da filo biyu, an manna masa wayoyi a ƙirji, na'urar da ke saman kansa tana ƙirga bugun.

Babbar likitar zuciya ce ta ce a kawo mata duk wani magani da ke ɗakinsa. Mace ce gajeriya mai tabarau, ma'aikatan wurin a bayan idonta Ba-Wasa suke ce mata.

"Duka," in ji ta. "Har kwalin da ya ƙare."

Na so in je ni kaɗai. Ƙanwata Auta ta ce ƙafarta ƙafata. A kaina ta tsaya, ta juye komai cikin baƙar leda ba ta ko duba ba, ta ɗaga katifa, ta lalube aljihunan rigunansa, ta ƙulle bakin ledar ta rungume har muka dawo. Ko sau ɗaya ban samu na taɓa ledar nan ba, kuma akwai abin da nake so in zare daga ciki.

Muna shiga Baba ya washe baki.

"A'a, Likita ta dawo."

Likita. Auta, yarinyar da na yi wa wanka, na yi wa kitso tana tsala ihu, yau ita ce Likita a bakin Baba. Ni da na shekara sha tara ina aikin nas, ban taɓa jin ya kira ni da aikina ba.

"Mamana, sannu ke ma," ya ce da ni daga baya.

Ke ma. Na ce yauwa.

Ba-Wasa ta jawo teburin cin abincin marasa lafiya, ta zazzage ledar a kai. Ta shiga warewa da yatsa ɗaya.

"Wannan mai rage ruwan jiki ne. Yana sha?"

"Kullum da safe," na yi caraf na amsa. "Kuma kullum sai ya hau sikeli kafin ya karya. In ya ƙaru da kilo biyu cikin kwana uku, ko ƙafa ta kumbura, na san ruwa ne ya taru. Gishiri kuwa ni da kaina nake auna masa."

"Da kyau."

Na saci kallon Auta, ko ta ji an ce da kyau.

"Wannan na tsinka jini ne, saboda bugunsa ba ya tafiya daidai. Wannan na hawan jini." Ta tura su gefe. Sai hannunta ya tsaya.

Ta ɗaga farin kwali da hagu, ta ɗaga shuɗi da dama.

Shuɗin nan ne na so in zare.

"Farin na sani," ta ce. "Yana cikin takardarsa. Shuɗin nan fa?"

Auta ta matso, ta karɓa, ta karanta.

"Ai wannan tsohon ne. Wata uku ke nan da na dakatar da shi, tun da hoton zuciya ya nuna tsokar ta yi rauni. Ragowa ce kawai."

"Ragowa?" Ba-Wasa ta zaro katin ƙwayoyin daga ciki ta juya bayansa. "Wannan kwalin ko wata biyu bai yi da fitowa daga kanti ba. Kuma saura ƙwaya huɗu a ciki."



Ta buɗe farin shi ma. Saura shida.

Ta cire tabarau ta ajiye, ta ja kujera ta zauna daf da gadon.

"Baba, wanne kake sha a cikin biyun nan?"

Baba ya kalli farin. Ya kalli shuɗin. Ya kalli silin.

"To… ai duk magani ne, 'yata."

"Na san magani ne. Wanne ke shiga bakinka?"

"Wanda aka ba ni."

"Wa ke ba ka?"

Ya gyara hularsa da ba ta karkace ba.

"Ni na saya da kaina. Shuɗin. Na saba da shi ne."

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Tsoho mai shekara saba'in da huɗu, wanda ko ƙofar gida ba ya kaiwa sai ya tsaya ya yi haki, shi ne zai shirga ƙarya don ya rufa min asiri.

Auta ta sake duba shuɗin. Ta juya kwalin ta nuna wa Ba-Wasa gefensa. An rubuta "ɗaya da safe" da jan biro, an ja layi biyu a ƙasa. Duk wanda ya san ni ya san layi biyun nan.

"Yaya," ta ce a hankali. "Rubutunki ne."

"Nawa ne."

"Na ce a daina shi."

"Kin ce."

"A gabanki na faɗa!"

"A gabana, a gaban mijina, a gaban 'ya'yana," na ce. "Kika ɗaga shi da yatsa biyu kika ce, 'Yaya wannan ai tsohon yayi ne.' Kin manta? Maganin da ya riƙe Baba shekara goma sha ɗaya, tun kina aji kina haddar sunayen ƙasusuwa, shi kika share cikin minti biyar kina danna waya!"

"Saboda na faɗi haka shi ne kika ci gaba da ba shi?"

"Na ce masa ya ajiye naki! Ban ce ya haɗa ba. Ni ba mahaukaciya ba ce, na san danginsu ɗaya." Na juya wurin Baba. "Baba, ban ce ka ajiye na Auta ba? Me ka ce min?"

"Na ce to."

"Ni kuma fa?" Auta ta tare. "Ban ce ka bar shuɗin ba?"

"Ke ma na ce to."

Ba-Wasa ta ɗaga hannu, muka yi shiru kamar 'yan makaranta.

"Baba, faɗa min yadda safiyarka take. Daga farko."

Ya sauke numfashi. Bai kalli kowa a cikinmu ba.

"Ƙarfe bakwai Mamana za ta shigo da kofi, kafin ta tafi aiki. Ta auna ni, ta miƙo min su a tafin hannu, har da shuɗin. Tana tsaye sai na haɗiye. Ƙarfe tara ita kuma wannan za ta kira ni a waya, irin kiran da ake ganin fuska. Ta ce, 'Baba ɗauko farin in gani.' In ɗauko daga aljihu. Ita ma sai ta ga na haɗiye take kashewa."

"Kullum?"

"Kullum ta Allah."

"Ba ka faɗa wa ko ɗaya ba?"

"In faɗa wa wa? In na ce wa wannan ina shan na waccan, kwana uku ba za ta yi dariya a gidan ba. In na ce wa waccan ban bar na wannan ba, sai ta ce an raina karatunta. Sai na ce ai duk don lafiyata suke yi. In bai ƙara ba, ba zai rage ba."

"Ya rage, Baba," in ji Ba-Wasa. "Magungunan nan biyu aiki ɗaya suke yi, birki suke taka wa zuciya don kada ta yi gudun da zai gajiyar da ita. Farin shi ya fi dacewa da zuciyar da ta yi rauni, shi ya sa aka canza. Amma da kaɗan ake fara shi, a riƙa ƙarawa sannu a hankali ana duba bugu. Kai kuwa birki biyu aka taka maka lokaci guda. Jiri fa? Tun yaushe?"

"Ya kai sati biyu."

Sati biyu! A gidana, ɗakinsa na kallon nawa, ina kai masa abinci sau uku.

Na ɗauka an gama da ni. Ashe yanzu aka fara.

Ba-Wasa ta juya ga Auta.

"Takarda ta nuna sati uku da suka wuce an ninka farin. Wa ya ninka?"

"Ni ce."

"Kin taɓa hannunsa kafin ki ninka? Kin ƙirga bugun da kanki?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Ina bakin aiki a lokacin. Na kira Yaya na tambaye ta awon. Ta ce lafiya lau."

"A waya," in ji Ba-Wasa. "Mahaifinki, a waya. Da wani majinyacin ne za ki yi masa haka?"

Kada in ɓoye muku, wani sanyi ya ratsa ni. Ga Likita guda ana wanke ta a gabana, har kunnuwanta sun yi zafi. Na gyara tsayuwa ina jin daɗi. Daɗin bai yi minti ɗaya ba.

"Ke kuma Sista, ke kike awon. Nawa kike samu?"



"Hamsin da shida."

"Sannan?"

"Hamsin da biyu."

"Ranar da ya faɗi fa, da safe?"

"…Arba'in da shida."

"Kika ga arba'in da shida, kika miƙa masa ƙwayar?"

"Rabi na ba shi."

"Shekara nawa kina aiki?"

"Sha tara."

"A ɗakin da kike aiki, in ƙaramar nas ta ga bugu na sauka haka kwana da kwanaki, ta ba da maganin ba ta kira likita ba, me za ki yi mata?"

Na san abin da zan yi mata, sai ta gwammace ba ta zo aiki ba ran nan.

"Me ya hana ki kira ƙanwarki?"

Ga amsar a bakina, amma ta ƙi fita. Sau uku na ɗauki waya a satin nan. Sau uku na nemo lambarta na ajiye. Don in na kira na ce bugun Baba na sauka, na san abin da zai biyo baya: za ta tambayi me yake sha, in faɗa, ta yi shiru irin shirunta, sannan ta zo ta gyara abin da na ɓata, Baba yana kallo yana cewa Allah Ya yi wa Likita albarka. Sai na ce bari in ga gobe. Goben ce ta same shi a ƙasa.

"Kishi ne," na ji bakina ya faɗa. "Ba wani abu ba ne."

Baba ya runtse ido.

Ba-Wasa ta mayar da tabaranta. Ta ɗauki shuɗin kwalin ta sa a aljihun farar rigarta.

"Allah Ya taimaka an kawo shi da wuri. Tun da ya daina shan su duka biyun bugun ya hau, yau sittin da huɗu. Ba ya buƙatar a sa masa na'ura a ƙirji. In ya kwana haka, gobe zan sallame shi. Farin za mu dawo da shi daga ƙaramin awo, nan da sati ɗaya, kuma ni zan duba shi, ba 'yarsa ba." Ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya. "Amma ba zan sa hannu a takardar sallama ba sai na san hannu ɗaya da zai riƙa ba shi magani. Mutum ɗaya, takarda ɗaya. Ɗayar ko ƙwayar ciwon kai ba za ta miƙa masa ba."

"Ai a gidana yake," na yi sauri na ce.

"A gidanki ya faɗi," in ji Auta.

"Ke kika ninka!"

"Ke kika ce lafiya lau!"

"Ba ku na tambaya ba," Ba-Wasa ta katse mu. "Baba, jikinka ne. Wa kake so?"

Na matsa taku ɗaya wajen gadon. Auta ma ta matso ta ɗaya gefen. Baba ya dubi dama, ya dubi hagu, na'urar ta fara ƙara sauri, saba'in, saba'in da biyar.

"'Yata," ya ce da Ba-Wasa, "ba a barin mutum a nan ne? Kwana biyun nan nas ɗaya ke zuwa, ta ba ni ta tafi. Ba mai kallon bakina."

Ba-Wasa ta girgiza kai.

"Asibiti ba wurin zama ba ne, Baba."

"To su fita. Ke kaɗai zan faɗa wa."

*

Muka tsaya a baranda, ita jikin wannan bango, ni jikin wancan. Wata mai shara ta zo ta wuce tsakaninmu da bokitinta, ta kalle mu ta ƙara sauri.

"Kin kusa kashe shi," in ji Auta.

"Mun kusa."

Can sai na ga tana goge ido da bakin mayafi.

"Kin san me ya sa nake kiransa ƙarfe tara?"

"Don ki nuna ke ce likita."

"Don shi ne kaɗai lokacin da ba kya nan." Ta ja hanci. "In na zo gidanki, kafin in zauna kin kawo masa ruwa. Kafin in tambaye shi jiki kin amsa. In na kawo masa abu sai ya kalle ki tukuna kafin ya karɓa. Ni me nake da shi a wurin Baba in ba farin kwalin nan ba?"

"Yana ce miki Likita."

"Ke kuma yana ce miki Mamana! Kowa a asibiti Likita yake ce min, har mai gadi. Shekaranjiya da ya farfaɗo ni ce a kansa, ni ke riƙe da hannunsa, kin tafi karɓo sakamakon jini. Ya buɗe ido ya kalle ni, ya ce, 'Ina Mamana?'"

Ya kamata in ji tausayinta. Na ji, kaɗan. Amma abin da ya fi yawa daɗi ne, har sai da na cije leɓe don kada ya nuna a fuskata. Ashe ni ya fara nema. Ku zage ni, haka zuciyar tawa take, ba zan yi muku kwalliya ba.

Ƙofa ta buɗe. Ba-Wasa ta leƙo da takarda a hannu.

"Sista. Ke ya ce ki shigo. Ke kaɗai."

Na gyara mayafina. Sai da na tabbatar Auta ta ga kallon da na yi mata kafin na shige.

Baba ya nuna min bakin gado. Na zauna. Ya kamo hannuna, yatsuna suka tafi wuyan hannunsa da kansu suna neman bugu, ya janye su a hankali ya riƙe.

"Bar ƙirgar nan, Mamana."

"Baba ka yafe min. Wallahi daga yau abin da aka rubuta shi kaɗai zan ba ka. Ko Auta ce ta rubuta."

"Na yafe tun kafin ki roƙa. Shekara goma sha ɗaya ba ki taɓa bari na kwana da ƙafa a kumbure ba. Ba wanda zai yi min abin da kika yi."

Hawaye suka zubo min, na daɗi. Na fara lissafin yadda zan gyara masa ɗaki kafin gobe.

"Amma ki saurare ni," ya ce. "Ita Auta, in na ce ba zan sha abu ba, faɗa take yi. Ta yi ta gama, in ce na ji, kowa ya kama gabansa. Ke kuwa in na ce a'a, ba kya faɗa. Shiru kike yi, idonki ya ciko, ki fita da kofin. Ni kuma ba zan iya ganin haka ba. Ko me kika miƙo min a tafin hannun nan, Mamana, haɗiyewa zan yi. Ko na san zai kayar da ni."

"Baba…"

"Na san shuɗin ne ke sa ni jiri. Tun satin da jirin ya fara na gane, in na sha shi ake jima kaɗan ɗakin ya fara juyawa. Kullum sai in ce gobe zan faɗa miki. Sai ki shigo da fara'arki."

Ba-Wasa tana tsaye a bakin taga, ta juya mana baya.

"Ina son in ƙara kwana a duniya," ya ce. "Mai ba ni magani sai wanda zan iya ce wa a'a."

Ya saki hannuna.

"Gobe in an sallame ni gidan Auta zan wuce. Ki je ki haɗa min kayana."